Godiya ga Sashen Ƙididdiga na Cibiyarmu kan Aikin Binciken Tarin Fuka

Zuwa ga shugaban Sashen Ƙididdiga da dukkan ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a a madadin likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da muka yi binciken yaɗuwar tarin fuka tare da ku. Yabon gwani ya zama dole, kuma aikinku irin wanda mai karanta rahoto ba ya lura da shi ne, sai dai ya ga alƙaluma a tebur ya wuce.

Tambayar da muke yi game da kowane mutum amsarta biyu ce kacal: yana da cutar ko ba shi da ita. Gwajin da ke tabbatar da hakan kuwa yana da tsada da cin lokaci, shi ya sa aka raba aikin zango biyu. A zangon farko a tantance kowa da tambayoyi da hoton ƙirji, a na biyu a gwada kakin wani kaso daga cikinsu. Dabarar tsohuwa ce, tun 1938 masanin ƙididdiga Jerzy Neyman ya shimfiɗa ƙa'idarta. Abin da ke da wuya shi ne lissafin da ke biyo baya, kuma a nan muka ga ƙwarewarku.

Tun kafin a fita fili kuka zauna da mu, kuka dage cewa a gwada wani kaso na waɗanda tantancewa ta nuna ba su da alama, a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a, a kuma rubuta ainihin kason da aka ɗauka daga kowane rukuni. Ranka ya daɗe, misalin da ka rubuta mana a allo ya isa hujja, don haka zan maimaita shi saboda masu karatu. A ce an tantance mutum 10,000, an samu 1,000 masu alama da 9,000 marasa alama. An gwada masu alamar duka, an samu 300 da cutar. Daga marasa alama an gwada ɗaya cikin goma, wato 900, an samu 9. Wanda ya haɗa 309 ya raba da 1,900 zai ce kashi 16 cikin ɗari na jama'a na ɗauke da cutar. Wanda ya yi watsi da marasa alama, ya raba 300 da 10,000, zai ce kashi 3. Duk biyun sun kauce. Kowane ɗaya daga cikin mutum 9 ɗin nan yana wakiltar mutum goma ne, saboda haka kiyasin shi ne 390 cikin 10,000, wato kashi 3.9. Wannan shi ne ba wa kowa nauyi daidai da damar zaɓensa, hanyar da Horvitz da Thompson suka wallafa a 1952.

Abin da ya fi tayar mana da hankali a misalin shi ne hukuncin da zai faɗa kan tantancewar kanta. Idan aka duba waɗanda aka gwada kawai, sai a ce tana kama 300 cikin 309, kusan kashi 97. Da nauyin kuwa 300 cikin 390 ne, kashi 77 kenan. Begg da Greenes sun yi gargaɗi kan wannan karkata tun 1983, amma har yau ana cin karo da ita a rahotanni. Likitan da aka gaya masa kashi 97 zai sallami marar alama da kwanciyar hankali. Wanda ya san kashi 77 ne zai ce masa ya dawo idan tari ya ci gaba.

Ba ku tsaya nan ba. Kun nuna mana cewa kiyasin da ya rataya a kan mutane kaɗan masu nauyi mai yawa yana da rauni, domin ƙarin mutum biyu ko uku a wannan rukuni yana iya jujjuya sakamakon. Saboda haka kuka fitar da tazarar tabbaci, wato iyakokin da ake sa ran ainihin adadin yana tsakaninsu, wadda ta yi la'akari da zangunan biyu, ta fito da faɗi, kuka kuma ƙi matse ta duk da cewa ƙaramar tazara ta fi kyan gani a rahoto. A ganina wannan shi ne mafi girman abin da kuka yi mana.

Da muka zo kan alaƙar cutar da shan taba da ciwon suga, kun yi amfani da lissafin lojistik, wato mai auna yadda wasu dalilai ke shafar yiwuwar kamuwa da cuta, wanda aka gyara domin tsarin zango biyu, irin wanda Breslow da Cain suka gabatar a 1988, kuka kwatanta shi da hanyar nauyi domin a ga ko sun dace. Su kuma waɗanda aka zaɓa amma ba su kawo kaki ba, ba ku ɗauke su a matsayin masu lafiya ba. Kun cike guraben sakamakonsu da kiyasi sau da yawa bisa tsarin masanin ƙididdiga Donald Rubin, da taimakon shekaru da jinsi da hoton ƙirjin da aka riga aka samu a zangon farko, sannan kuka faɗa mana ƙarara cewa hanyar ta dogara ne da zaton cewa waɗannan bayanai sun isa su bayyana dalilin rashin zuwan. Umarnin da kuka rubuta a manhajar ƙididdiga ta R ma kun miƙa mana shi gaba ɗaya, duk mai so ya sake lissafin da kansa.

Muna roƙon shugabannin cibiya da su riƙa saka wannan sashe a kowane bincike tun daga ranar tsara shi, su kuma ƙara masa ma'aikata, domin ayyukan da ke jiran sa sun fi ƙarfin hannayen da ke ciki. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Wassalam,
Daga ɗaya daga cikin likitocin binciken