Wasiƙa zuwa ga aminina a Mubi

Assalamu alaikum Malam Habu,

Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Mu nan Kano sai godiya, damina ta kankama.

Hoton saiwar waken da ka turo ya iso. Don Allah kada ka tuge ko gindi ɗaya, waɗannan ƙululun ba cuta ba ne. Ka ɓallo guda ka fasa da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki yake yi. In kuwa ya ƙi ɓalluwa, saiwar ce da kanta ta kumbura, to wannan ɓarnar tsutsar ƙasa ce.

Wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira Rhizobium ke zaune ciki, kuma ba da ka suke shiga ba. Idan wake ya rasa naitirojin, wato abincin shuka da ke cikin takin uriya, saiwarsa kan fitar da wani sinadari cikin ƙasa. Ƙwayar da ta dace da shi ita ke gane saƙon, ta mayar da nata sinadarin, wanda masana a Faransa suka gano siffarsa a 1990. Kamar baƙo ne ya yi sallama a zaure, sai an shaida muryarsa a ce ya shigo. Da amsar ta dace, siririn gashin saiwa zai lanƙwashe ya rungume ta, ya buɗe mata hanya zuwa ciki, saiwar ta fara gina ƙululun. Gyaɗa kuwa ta tsagar da ƙananan saiwoyi ke fitowa take shigar da nata.

Wake ya ba su sukari, su kuma su kamo masa naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne. Jan da za ka gani shi ke riƙe iskar oksijin don kada ta ɓata aikin.

Saboda haka buhun uriyar da ka ce za ka zuba, ajiye wa masara. Waken da ya ƙoshi da takin zamani rage kiran ƙwayoyin yake yi, ƙululun su yi ƙaranci, ka biya kuɗin abin da ake ba ka kyauta. Takin sufa waken ya fi buƙata. In za ka gwada waken suya baɗi, shi ya fi tsantseni wajen zaɓen ƙwaya, sai ka nemi garin Nodumax mai ɗauke da ƙwayoyin, na IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, ka cuɗa da irin kafin shuka.

Ka sanar da ni launin da ka gani. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sani