Amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni sunan ƙwayar cutar jinin kyanwa

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar da ɗaliban likitancin dabbobi suka gayyace ni Samaru, ka miƙe a bainar jama'a ka ce tsohon littafin da ka aro a laburare ya kira ƙwayar nan mai shanye jinin kyanwa Haemobartonella felis, malaminka kuwa Mycoplasma haemofelis ya rubuta muku a allo. Ka ce wanne ne daidai, kuma anya ba neman suna ne kawai ke sa masana wannan sauye-sauye ba? Aka kira la'asar ban kai ga gamsar da kai ba. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

Ƙwaya ɗaya ce, sunayen ma uku ne. A 1942 wani masani mai suna Clark ya gan ta a jinin wata kyanwa a Afirka ta Kudu, ya raɗa mata Eperythrozoon felis. A 1953 Flint da Moss suka bayyana cutar a Kolorado ta Amurka, ba a jima ba Flint da McKelvie suka kawo sunan Haemobartonella felis. Da shi muka yi karatu. Aka ce mana 'yar gidan riketsiya ce, wato wani rukunin ƙananan bakteriya, dangin Anaplasma da kaska ke sa wa shanu. Ba na ganin laifin magabatanmu. Abin da idonsu ya gani ke nan: 'yar mitsitsiyar halitta a jini, ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji, kuma tana jin maganin tetarasaikilin kamar sauran 'yan gidan.

Sai dai kama da wane ba wane ba ne. Anaplasmar shanu cikin jar ƙwayar jini take shiga, wannan kuwa a bayanta take liƙewa. Sannan ba ta da ɓawon nan mai tauri da yawancin bakteriya ke da shi, fata ce kawai siririya ta lulluɓe ta. Da aka samu dabarar karanta ƙwayoyin gado, sai aka bi salsalarta ta wani sashe da ake kira 16S rRNA. A 1997 Rikihisa da abokan aikinta suka nuna cewa jininta na Mycoplasma ne, a 2001 kuma Neimark da nasa abokan suka kawo shawarar a mayar da ita can. Ka san wannan gida ko ba a gaya maka ba, domin Mycoplasma mycoides ce ke kawo ciwon huhun shanu da makiyayanmu ke kuka da shi.

Hausawa sun ce suna linzami ne, ni kuwa na ga haka a bakin aiki. Wani mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari ya taɓa kawo mini muzurun da ke tsare masa buhuna daga ɓeraye, ya sako shi cikin kwalin taliya. Kunnensa ɗaya a yage saboda faɗan dare. Na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat kamar alli, numfashi sama-sama, jiki zafi rau. Mutumin ya ce, "Likita, kwana huɗu ina fasa masa kafso a madara, ko gezau." Da ya nuna mini takardar maganin, dangin fenisilin ne. To fenisilin ɓawon bakteriya yake hana ginuwa. Me zai yi wa wadda ba ta da ɓawo tun asali? Duk ɗalibin da ya ji kalmar Mycoplasma ya san wannan nan take, domin 'yan wannan gida duk ba su da ɓawo. Muka ba muzurun doksisaikilin, ɗan gidan tetarasaikilin, na kuma ja kunnen mai shi ya riƙa bin kowace ƙwaya da ruwa, domin idan ta maƙale a maƙoshin kyanwa tana yi mata gyambo. Bayan mako biyu ya dawo da shi yana yaƙushin kwali.

Amma babbar ɓarnar tsohon sunan ita ce halittu daban-daban ya rufe da bargo ɗaya. A da ana cewa akwai babba ta Ohayo da ƙarama ta Kalifoniya, ana mamakin yadda ɗaya ke kayar da kyanwa warwas, ɗayar kuwa da ƙyar take nuna alama. Ashe jinsi biyu ne. Babbar ita ce Mycoplasma haemofelis. Ƙaramar Foley da Pedersen suka sa mata Candidatus Mycoplasma haemominutum a 2001. Daga baya aka gano ta uku a Suwizalan, Candidatus Mycoplasma turicensis, daga Turicum, sunan birnin Zurik da Latinanci. Kalmar Candidatus kuwa alama ce cewa an san halittar ta ƙwayoyin gadonta amma ba a iya renonta a ɗakin gwaji ba, don haka sunan na riƙon ƙwarya ne.

Ga kuma ruɗanin Bartonella. Na sha jin ɗalibai suna haɗa Haemobartonella da Bartonella henselae, wadda ke kumbura wa mutum kaluluwa bayan yaƙushin kyanwa. Ba su haɗa komai ba sai kamar suna.

Inda nake ba ka gaskiya shi ne gardamar ba ta mutu ba. Dokar raɗa suna ta ce wanda ya riga shi ke da haƙƙi, ga shi sunan gidan Eperythrozoon na 1928 ne, na gidan Mycoplasma kuwa na 1929. Akwai masanan da suka tsaya a kan wannan, a 2018 ma wasu suka nemi a sake raba gidan Mycoplasma gaba ɗaya, wasu suka ce ba su yarda ba. Ni ina tare da masu cewa a bar sunan da likitoci suka riga suka saba da shi, domin wanda ke tsaye a kan dabba mara lafiya ba ya buƙatar sabon ruɗani.

A jarrabawa ka rubuta Mycoplasma haemofelis, ka ce a da ana kiranta Haemobartonella felis. Kada ka yar da tsohon littafin, bayanin alamomin cutar da ke cikinsa yana nan daram. Idan kuma ka shafa jini a gilashi ka rina da rinin Giemsa don dubawa a madubin likita, ka yi hattara. Dattin rini yana kama da ita ƙwarai, ni kaina ya taɓa yaudarata ina sabon ma'aikaci. Tana kuma iya cika jini da safe ta ɓace kafin yamma, shi ya sa gwajin PCR, mai neman ƙwayoyin gadonta a jini, ya fi zama abin dogaro inda ake da shi. Gilashin jinin muzurun nan yana nan a akwatina. Ka zo gida Tudun Wada ranar Asabar bayan azahar in nuna maka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ilimi mai amfani.

Naka,
wani tsohon likitan dabbobi a Zariya