Zuwa ga masu zuwa ajin zanenmu na ranar Asabar

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa.

Ƙorafin da aka yi kan zama biyun da suka wuce ya iso mana. Gaskiya ne fenti ya ɓare a kan wasu alluna, sabuwar malama kuma ta yi sauri. Amma don Allah a ji ta bakinmu.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin kawo kaya daga Kano zuwa Bauchi bai sake tsayawa wuri ɗaya ba. Dilan da muke saye a wurinsa ya canza mana fenti bai faɗa ba, roba iri ɗaya, abin ciki kuwa tsararo. Fentin akirilik, wato irin wanda muke zane da shi muna sirkawa da ruwa, yana da iyakar ruwan da yake ɗauka. In ruwa ya yi yawa, danƙon da ke riƙe launin sai ya saki, ya bushe kamar alli, ana taɓawa yana kakkaɓewa. Ga hunturu, kafin a gama shafa sararin sama abin da ke faranti ya ƙafe, dole mutum ya yi ta tsoma burushi a ruwa. Ba laifin hannunku ba ne, ba kuma sakaci ba ne kamar yadda aka rubuta a WhatsApp, wanda bai yi mana daɗi ba.

Ita kuwa malama, iya zane daban, jan mutum 12 a lokaci guda daban. Abin da take koyo ke nan: a fara da babban burushi, sama tukuna, sannan Dutsen Zaranda, itatuwan gaba su zo ƙarshe da siririn burushi. Launi biyar ya isa, ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi, a zuba kaɗan-kaɗan a kan jiƙaƙƙen ƙyalle. Ta nuna mataki ɗaya, ta ajiye burushi, ta zagaya har sai na baya ya kamo. Jiran nan shi ne mai wuya.

Muna kan tattaunawa da dilan, muna kuma duba wasu hanyoyi. Za ku ji daga gare mu.

Hajiyoyinmu da ke zuwa tun muna shago ɗaya a Wunti, da malaman makaranta masu kawo mana ɗalibai duk hutu, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda allonsa ya ɓare ya taho da shi ranar Asabar da ƙarfe 4 mu gani.

Naku,
Masu kula da aji