Murar dawaki: jakin talaka ne ke biyan kuɗin sakacinmu

Malam Edita,

Ina kula da dawaki a wata barga a Katsina, kuma ina so a ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu dawaki kafin hawan sallah ya zo.

Duk mai jaki ba zai manta ƙarshen 2018 zuwa 2019 ba. Cutar ta ɓulla a jihar Sakkwato, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom ta tabbatar murar dawaki ce, nau'in H3N8. Ta ratsa Nijar, Mali, har Senegal, jakuna suka mutu dubbai. Doki yakan yi busasshen tari, majina ta zubo, ya ƙi dusa, a ɗaure shi ya huta ya warke. Jaki kuwa wa zai bar shi ya huta? Da zazzaɓin a jikinsa ake ɗora masa mangala ya kwaso yashi, sai ciwon huhu ya biyo baya ya kayar da shi a hanya.

Abin da mutanenmu ba sa so su ji shi ne, ƙwayar da ke kawo wannan cuta sauya kama take yi. A 1963 aka fara gano ta a Miami ta Amurka. Daga baya ta rabu gida biyu, na Turai da na Amurka, na Amurkan ya haifi reshen Florida, shi ma ya rabu biyu. Wadda ta same mu daga gida na farko na Florida take, kuma masu bincike sun ga ta yi kama sosai da wadda ta addabi Kudancin Amurka a 2018, yankin da ake sayo dawakin folo. Ba iska ta kawo ta daga can ba. Tunda ƙwayar tana sauya kama, rigakafin da aka haɗa da tsohuwar ƙwaya kariyarsa ragaggiya ce, kuma allurar kashe ƙwayoyin bakteriya da muke rugawa kemis mu saya ba ta taɓa wannan cutar.

Ostareliya ma, da duk tsaurinta, ta sha kashi a 2007 ta dalilin dawakin da aka shigo da su. Ingila ta dakatar da sukuwa ta kwana 6 a Fabrairun 2019 saboda wannan cuta. Mu kuwa sai a sayo doki daga Mai'adua da yamma, da safe yana shan ruwa a bokiti ɗaya da na sauran.

Ina roƙon masarautu da ƙungiyoyin folo su sa doka: sabon doki ya yi mako biyu a turkensa shi kaɗai, mai tari kada a ɗaura masa sirdi ko na wane ne. Ma'aikatun dabbobi kuma su samo rigakafin da ya ƙunshi gidajen Florida biyu, a kai shi kasuwannin kan iyaka irin su Illela da Maigatari, a fara da jakuna.

Naku,
Mai kula da dawaki, Katsina