Manhajar jin waƙa a kwamfutar tebur

Assalamu alaikum Edita. Ina da ɗan shagon tura waƙoƙi da karatun malamai a Tudun Wada, kullum sai an tambaye ni wace manhaja za a sa a kwamfuta. Ni dai VLC nake cewa, kyauta ce ba talla, duk fayil ɗin da ka jefa mata za ta buɗe har muryar WhatsApp. Amma in waƙoƙin sun yi yawa kuma kwamfutar ta kwana biyu irin tawa, wallahi foobar2000 ta fi, ba nauyi, tana jera su da sunan mawaƙi. Don Allah jama'a a daina sauke na bogi, wata ta taɓa cika min kwamfuta da bairos sai da na yi fomatin.

Naku, mai karatu daga Kaduna.