Wasiƙa Daga Wusasa Zuwa Ingila, Kan Maganar Makiyaya

Aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Yaya uwargida da yara? Yaya aiki, yaya kuma fama da sanyin ƙasar Turawa? Mu nan damina ta yi albarka, an fara karyar masara, sai dai tsadar taki ta sa mutane da yawa sun koma waken soya. Na ga Mama ran Lahadi bayan sujadar Hausa, tana dogara sandarta. Ta ce in gaya maka ta gaji da ganinka a gilashin waya, ka kawo mata jikokinta ta taɓa su da hannu.

Saƙonka ya iso, na kuma karanta shi a natse. Ka ce limamin cocin da kuke zuwa ya sanar cewa zai fara addu'ar sa albarka ga namiji da namiji, ko mace da mace, masu zaman tare, kuma tun daga ranar ba ka sake taka ƙofar cocin ba, sai dai ku zauna a falo kai da iyali ku bi sujada ta YouTube. Ka tambaye ni ko ka yi daidai. Na ƙi ba ka amsa ta saƙon murya ne domin maganar tana son zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Kan ainihin batun, ba mu da saɓani. Abin da aka koya mana, ni da kai, a kan benci ɗaya, shi ne abin da ke Farawa sura 1 da 2, wanda Ubangiji da kansa ya maimaita a Matiyu 19: namiji da mace ya halicce su, mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa. Ban ga wanda aka ba ikon sauya wannan ba, komai tsawon hularsa. Su kansu bishop-bishop na ɗarikarmu ta Anglikan daga duk duniya sun tabbatar da haka a babban taronsu na Lambeth na 1998, da ƙuri'a 526 a kan 70. Shekara biyar kacal bayan nan, a 2003, cocin ɗarikarmu ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop a New Hampshire, alhali yana zaune da namiji a fili. Daga nan ɓaraka ta soma. A 2005, zamanin shugabancin Baba Akinola, cocinmu ta Najeriya ta cire ambaton kujerar Canterbury, wato ta babban bishop ɗin Cocin Ingila, daga tsarin mulkinta. A 2008 aka yi taron GAFCON, na masu riƙe da koyarwar asali, a Urushalima, namu suka ƙi zuwa Lambeth, a 2022 ma suka sake ƙi, tare da Uganda da Ruwanda. Sai a Fabrairun 2023 majalisar Cocin Ingila ta amince da waɗannan addu'o'in da yanzu suka iso ƙofarka. Na san sun ce koyarwar aure tana nan yadda take, addu'a kawai aka ƙara. Ni wannan bai shige ni ba. Yaron da ke zaune a benci ba takardar majalisa yake karantawa ba. Abin da ya ga liman yana yi a gaban bagade, shi ne koyarwa a wurinsa.

Abin yana mini ciwo ta wata fuska da kai kaɗai za ka gane. Daga can Ingila Likita Miller, ɗan mishan, ya taso, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙasar Zazzau, ya yi ta fama da Hausa har aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932. Majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, wadda muka yi wasan ɓuya a bayanta, tana nan tsaye. Kakanninmu sun rasa dangi da gado saboda abin da mutanen nan suka kawo. Yau a ce jikokin masu kawowar ne ke cewa a sake duba kayan. Da wuya haɗiyewa.

Amma akwai wata magana a saƙonka da ta tsaya mini a rai. Ka ce, "Gara ku a gida, har yanzu kuna riƙe da gaskiya." Aminina, ka daɗe ba ka zo ba. Laifi tudu ne.

Kwanaki 'yar ƙanwata ta matsa mini in raka ta wani taron farkawa a cikin gari, a wata majami'a da ba ta ɗarikarmu ba. Na je don kada ta ce kawu ya raina ta. An yi waƙa har gumi ya jiƙa kowa, sannan baƙon mai wa'azi ya hau. Ya buɗe Littafin, ya karanta rabin aya, ya rufe, bai sake komawa ba. Can sai ya ce Ruhu ya nuna masa mutum bakwai da za su shuka iri na naira dubu hamsin, su fito. Aka fito. Ya sauko dubu ashirin, ya sauko goma, yana ta saukowa har ɗari biyar, wai don kada kowa ya koma gida ba albarka. Wani saurayi da kwat yana bin layi da na'urar POS. A bakin ƙofa an jera 'yan kwalabe na man zaitun, kowace da hoton mai wa'azin, da farashinta. Kusa da ni akwai wata dattijuwa, hannunta duk tabon mai irin na masu suyar ƙosai. Na ga ta kwance bakin zanenta, ta warware 'yan takardun kuɗi da suka nannaɗe, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta miƙe ta shiga layi. Daga farkon wa'azin har ƙarshensa na kasa kunne, ban ji kalmar zunubi ba, ban ji tuba ba, ban ji gicciye ba. Na ji biza, na ji mota, na ji maƙiyan gidan ubanka su mutu da wuta.

To ka gaya mini, wannan ba kauce wa koyarwa ba ne? Siman mai sihiri kuɗi ya miƙa don ya sayi baiwar Allah, kuma ka san amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni sura 8. Yau an juya cinikin, masu riƙe da bagaden ne ke tallan. Kuma mutumin nan, da za ka tambaye shi batun auren jinsi, da ya yi maka wa'azin awa biyu yana tsine wa Turawa.

Kada ka ce ai waɗancan ne, mu masu Littafin Addu'a mun tsira. Abin ya shigo mana ta taga. Matasanmu suna zuwa can su dawo su ce sujadarmu ba wuta, limamai kuma suna tsoron benci ya zama wayam, sai su ara salon. Ga godiyar kaka da ta zama gasa, ana kiran suna da adadi a lasifika, mai kwanon dawa ɗaya yana jin kunyar fitowa. Ga lokacin zaɓe, ɗan siyasar da kowa ya san abin da ya yi da kuɗin jama'a a ja shi kujerar gaba, a miƙa masa makirufo tsakiyar sujada, alhali Yakubu sura 2 ta yi maganar mai zoben zinariya ƙarara. Ga kamun ƙafa a kan canjin wurin aiki, kowa na gudun ƙauye yana neman cocin birni mai baiko mai nauyi. Ga ƙabilanci wajen zaɓen shugabanni, wanda ba a faɗa a fili amma kowa ya san lissafin. Ba duka ba ne, Allah ya sani. Akwai masu bishara a ƙauyukan Maguzawa da ke tafiya a kan tsohon babur, albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, wasu an sace su an kashe, ba su bar garken ba. Saboda irinsu ne ma abin ke ƙona mini rai.

Ko a can wajenku, ka lura da abin da ya sauke Justin Welby daga kujerar Canterbury a Nuwamban 2024? Ba maganar aure ba ce. Rahoto ne ya fito a kan John Smyth, lauyan da ya riƙa dukan yara maza har jini a sunan horon ruhaniya. Tun 1982 wasu limamai suka san labarin a rubuce, suka rufe, mutumin ya koma Zimbabwe ya ci gaba da ɓarnarsa, ya mutu a 2018 ba a hukunta shi ba. Waɗanda suka fara rufewar kuwa ba masu sassaucin koyarwa ba ne. 'Yan ɓangarenmu ne, masu riƙon Littafi, waɗanda da an ba su jarrabawar tauhidi da sun cinye duka. Na daɗe ina juya wannan a zuciyata. Ezekiyel 34 bai tuhumi makiyayan Isra'ila da kuskuren aƙida ba. Ya ce sun sha madara, sun sa ulu, ba su ɗaure wa mai karaya ba, ba su nemi wadda ta ɓata ba. Shi ma wancan ƙudurin na 1998 da muke yawan ambata, akwai sashen da ya ce a saurari mutanen nan, a yi musu hidima, kada a tsangwame su. Wannan sashen ba mu cika karanta shi a nan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa ƙarami ne a ido. An roƙe ni in taimaka da ajin masu shirin tabbatarwa. Na ce su faɗi Dokoki Goma, aka yi ta kallon juna. Shaidar Bangaskiya ta Manzanni suna iya bin ta in jama'a na faɗa, amma ɗaya-ɗaya sai a tsaya a Fontiyus Bilatus. Yara ne masu kaifin kai, kowace sabuwar waƙa suna da ita a ka. Ba a koya musu ba ne kawai. Ka tuna yadda tsohon katikis ɗinmu yake tsare mu da yamma, ba mai tashi sai ya kawo haddarsa? Muna jin haushinsa a lokacin. Amma da wa'azi ya karkace, kunnenmu yana ji, domin akwai abin aunawa a cikinmu. Jama'ar da ba ta san abin da aka danƙa mata ba, kowane mai kwat ko mai doguwar riga zai iya juya ta, a Ingila ne ko a Zariya.

Yanzu ga shawarata, tunda ka nema. Zaman falo ba zai yi ba. Wata ɗaya ko biyu ana iya jurewa, amma YouTube ba zai ba ka Jibin Ubangiji ba, ba zai zo asibiti ya duba ka ba, yaranka kuma za su tashi da tunanin coci wani shiri ne da ake kunnawa a kashe. Ka fara zuwa wurin limamin nan, kai da shi, ka zauna ka faɗa masa abin da ka gaskata da dalilinka, cikin ladabi, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Ba a tilasta wa kowane liman yin addu'o'in nan ba, ra'ayinsa ne, don haka ya kamata ya ji daga bakin mutanen da yake kiwo. Ka tuna masa da Ƙa'ida ta 20 cikin 39 ɗin da ke bayan Littafin Addu'a, wadda ta ce ikkilisiya ba ta da ikon kafa abin da ya saɓa wa rubutacciyar Maganar Allah. Kai kuma ka riƙe ta 26, wadda ta ce rashin cancantar liman ba ya ɓata sakramenti, domin na ji kana tambaya ko baftismar autarku da ya yi tana nan. Tana nan daram. Wannan gardama an gama ta tun zamanin Agustin na Hippo da 'yan Donatus a Afirka ta Arewa.

In kun zauna bai sauya ba, to ka nemi wata ikkilisiya. A cikin Cocin Ingila ɗin ma akwai da yawa da suka ƙi wannan hanya, ba sai ka yi nisa ba. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zaɓi wuri don kawai 'yan gida sun cika shi, ana shinkafa dafa-duka bayan sujada. Wasu daga cikin cocin 'yan Najeriya da ke can, na ji labari, irin na mai man zaitun ɗin nan ne aka kwashe aka kai. Ka zauna makonni kana sauraro. Ka ga ko ana karanta sura a bi ta daga farko zuwa ƙarshe, ka ga abin da ake koya wa yara a makarantar Lahadi, ka ga wanda ake ba kujerar gaba.

Akwai mai zuwa wajenku ƙarshen wata. Zan ba shi Littafin Waƙoƙi guda biyu da katikisma ta Hausa, da kuka da daddawa daga wurin Mama. Ka turo mini lambar da zai same ka, ka kuma sanar da ni yadda kuka yi da limamin. Maman yara tana gaida uwargida, ta ce har yanzu tana jiran hotunan da aka yi mata alkawari.

Naka cikin Almasihu,
Amininka na Wusasa