Roƙon Tallafi Domin Gyaran Ajin Ɗalibanmu Masu Buƙata ta Musamman

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu malamai, masu unguwanni, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan uwa na kusa da na nesa, kwamitin makarantar Islamiyya ta unguwarmu ne yake kawo muku kukansa, kuma da lamarin bai kai inda ya kai ba, da ba mu sake ɗaga murya ba.

Guguwar da ta zo da ruwan farkon damina ta yaye kwanon ajin da muka ware wa ɗalibanmu makafi da guragu, ta karya katakon rufin, ta bar ɗakin a buɗe yana kallon sama. Da gari ya waye muka tarar da ruwa kwance a tsakiyar ɗaki, tabarmi sun jiƙe, silin ya zubo a kan akwatin da muke ajiye littattafai. Abin da ya fi sosa mana rai shi ne Alƙur'anin makafi da ke cikin akwatin. Rubutun Braille ɗigo ne da ake turowa a jikin takarda mai kauri, makaho ya bi da yatsa ya karanta, saboda haka Alƙur'ani guda yakan zo a mujalladai da dama, ba ya kuma samuwa a kasuwa yadda ake samun sauran. Takardar nan idan ta sha ruwa ɗigon sai ya kwanta. Mun shanya shafukan a rana, suka bushe, amma da muka miƙa wa wani yaro da ya kusa kai rabi a haddarsa, ya yi ta shafa shafin da ya tsaya daga sama har ƙasa, daga nan ya ɗago kai ya ce wa malaminsa ba ya jin komai.

Akwai kuma matsalar ƙofar shiga, wadda ta daɗe muna kawar da kai. Matakala ce mai tsawo, keken guragu ba ya iya hawanta, don haka yaran da shan inna ta taɓa sukan ajiye kekunansu a waje, su sa silifa a hannu, su ja jiki cikin taɓo har su shiga aji. 'Yan mata ne suka fi jin wannan, domin duk wadda ta fara girma kunya takan hana ta rarrafe a gaban mutane da hijabi yana jan ƙasa, kuma tuni wasu suka daina zuwa.

Yaran nan kowannensu yana da abin da ya sa a gaba. Akwai mai burin sauke Alƙur'ani ya zama malami, akwai wadda take koyon ɗinki da keken hannu tana son ta buɗe shagonta, akwai mai zuwa gyaran waya bayan an tashi, akwai kuma wanda yake haɗawa da boko yana shirin zana jarrabawar JAMB, tunda hukumar tana shirya wa makafi jarrabawa ta musamman a wasu cibiyoyi, har da Kano. Iyayensu sun ƙi tura su bara duk da halin matsin da ake ciki, sun kawo mana su amana. Idan aji ya ci gaba da zama a rufe, mun san inda mafi yawansu za su ƙare: bakin titi da ƙofar masallaci, da ƙoƙo a hannu.

Ba mu manta da alherin da aka yi mana a baya ba. Wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ce ta fara kawo kuɗin bulo lokacin da ake gina ajin nan, a ƙulle a bakin zani, ta kuma roƙe mu kada mu faɗi sunanta. Wani birkila ya yi mana aikin kwanaki bai karɓi ko kwabo ba, matasan unguwa suka ɗebo yashi da ruwa. Allah Ya saka musu da Aljanna. Sai dai dole mu faɗi ɗaya ɓangaren. A taron gidauniyar da muka yi a baya, an cika rumfa, an yi alkawura masu nauyi a lasifika, an ɗauki hotuna da yaran nan, amma har yau akasarin alkawuran suna nan a takarda. Mun yi ta sintiri har muka ji nauyin komawa. Ba mu riƙe kowa a zuciya ba, muna kyautata zaton mantuwa ce, kuma ga dama ta sake samuwa ga duk wanda ya tuna.

'Yan uwa, mu tambayi kanmu: sau nawa muke miƙa wa gurgu canji ta tagar mota, mu wuce muna jin mun sauke nauyi? Wannan sadaka ce, Allah Ya karɓa, amma gobe a nan za mu sake tarar da shi. Allah Maɗaukaki Ya saukar da farkon Suratu Abasa ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, kuma wannan sahabi ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yakan bar masa jagorancin salla a Madina idan ya yi tafiya. Ko a dokar ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019 don hana nuna wa nakasassu bambanci, an ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su samar da hanyar da kowa zai iya shiga, an kuma tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati domin su. Wa'adin ya cika, mu kuma ba mu gyara ko ƙofar makarantarmu ba, kuma gurbin aiki ba zai amfani yaron da bai yi karatu ba.

Abin da muke buƙata shi ne kwanon rufi da katako da ƙusa, siminti da yashi don a zuba gangara a ƙofa yadda keke zai hau, sai kuma sabon Alƙur'anin makafi da allunan rubutunsu. Abin da muka tara a tsakaninmu bai kai ko kuɗin kwano ba. Mai kuɗi ya kawo kuɗi, mai buhun siminti ya kawo, kafinta ko magini ya ba mu yini guda, wanda kuma ya san hanyar da ake samun littattafan makafi ya nuna mana.

'Yan kwamiti suna zama a harabar makarantar kullum bayan sallar La'asar, da kuma ranar Juma'a bayan an sauko, kuma duk wanda ya kawo wani abu za a rubuta a ba shi rasit. Muna roƙon ku ku zo ku ga ajin da idonku kafin ruwan Agusta ya kankama, domin bangon gabas ya riga ya fara tsagewa. Allah Ya ba da ikon taimakawa, Ya sanya a mizani.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin Makaranta